Kambas Ɗin Da Gidado Ya Bayar Ranar Cika-Ciki

Wata rana, da hantsin ranar cika-ciki, Gidado ya shigo tasha da wani ƙunshi a hammata, yana ta murmushi shi kaɗai.

Duk wanda ya san Gidado ya san murmushin nan. Yau wani zai sha kunya.

Ɗan kamasho ne a wata tashar mota a Azare. Bafulatani, dogo, siriri kamar sandar kiwo. Amma murya fa! In ya ce "Kano mutum ɗaya!" har masu tuyar awara a tsallaken titi sai sun waiwayo.

Ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙowa, amma wajen tsokana ɗan firamare ma ya sara masa. Shi ne ya taɓa ɗaure wa wani direba bakin riga a jikin benci yana gyangyaɗi, sannan ya ƙwala ihu, "Mota ta cika!"

To, a bakin ƙofar tashar akwai wani mai wankin hula, sunansa Fannami. Babarbare ne daga wani ƙauye can Barno. Rikici ya koro shi shekarun baya, ya iso garin daga shi sai tsohuwarsa.

An sha ce masa ya koma cikin rumfa, akwai inuwa. Ya ƙi. Nan dai bakin ƙofa, cikin rana, daidai inda motocin gabas ke sauke fasinja.

Mutane suka ce taurin kan Barebari ne, suka ƙyale shi.

Kun dai san tsakanin Fulani da Barebari. Wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Dokar kuma guda ce: ba a fushi. Wanda ya yi fushi, shi aka kayar.

Gidado ya samu nama.

Sai ya shiga tara wa Fannami sunaye kamar mai tara kayan lefe. Ya ji direbobin Nijar na cewa "rafuje", ya ɗauka. Ya ji masu rabon kayan agaji na cewa "ayidifi", ya ɗauka. Har wani ɗalibin Islamiyya ya tsare, sai da ya gaya masa Larabawa "laji'i" suke cewa.

Kullum da wanda zai gaishe shi da shi.

"Rafuje, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, bawana. Yau ma fura ce karin kumallon? Shi ya sa iska ke neman ɗauke ka."

A yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Amma duk cikin sunayen, na Hausa ya fi yi wa Gidado daɗi: ɗan gudun hijira. Shi dai gudun nan ne ke ba shi dariya. Ya riƙa hango ƙaton Babarbare ya tattare babbar riga yana zabga gudu a daji.

Juma'ar da ta gabata ma liman ya yi huɗuba a kan sabuwar shekara. Ya ce hijira kalmar Larabci ce, barin gida ne don tsira da rai da addini, kuma daga hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muke ƙirga shekarunmu.

Kowa ya fito da abin da ya tsinta.

Gidado shi abin da ya tsinta: ashe cika-ciki ya zo, ranar da abokan wasa ke yi wa juna kyautar shara. Bana sai ya yi wa Babarbaren nan wadda ba zai manta ba.

Ya je gida ya tono wani tsohon kambas na ɗansa, wanda ya yi wa yaron kaɗan. Ya wanke shi tas, ya naɗe a takardar siminti.

Shi ne ƙunshin nan na hammata.

Bai miƙa a ɓoye ba. Sai da ya tara jama'a da muryar nan tasa: direbobi, kwandastoci, mai shayi, har da fasinjojin da ba su san hawa ba balle sauka.

"Jama'a ku shaida! Yau ubangida zai yi wa bawansa shara!"

Fannami ya goge hannu a jikin riga, ya karɓa yana dariya. Ya warware takardar.

"Takalmin gudu ne," in ji Gidado. "Na zakaran gudu na Barno gaba ɗaya. Ka ajiye, ko za a sake bugawa!"

Tasha ta kwashe da dariya. Mai shayi har da riƙe ciki.

Gidado ya gyara tsayuwa yana jiran martani, don Fannami bai taɓa barin bashin magana ya kwana ba.



Fannami na ta juya takalmin. Ya sa yatsa ciki. Ya auna tsawonsa da tafin hannunsa.

"Gidado."

Yau babu "bawana".

"Na'am, rafuje?"

"Ni ai ban yi gudu ba."

"Kai, Babarbare! To tashi sama ka yi?"

"Tafiya na yi. Tsohuwata ce a bayana, ba a gudu da ita. Ɗana ne mai gudu. Ya tsaya yana jirana, na daka masa tsawa, na ce ya bi mutane kada ya waiwayo. Yaro ne mai jin magana. Bai waiwayo ba."

Ya sake duban takalmin.

"A lokacin, wannan daidai ƙafarsa ne. Yanzu kam ya yi masa kaɗan. Amma na gode, zan ajiye."

Ya naɗe shi a hankali, ya tura ƙarƙashin benci, ya ɗauki burushi ya ci gaba da wankin hula.

Wallahi da ƙasa na tsagewa don kunya, da ranar an yi rijiya a tashar nan.

Jama'a suka zame ɗaya bayan ɗaya. Gidado ya tsaya baki buɗe. Sai ga wata motar gabas ta shigo, ya ga Fannami ya ɗaga kai yana bin fuskar duk saurayin da ya sauko.

Sai yanzu ya gane zaman rana a bakin ƙofa.

Shekara da shekaru yana wuce mutumin nan. Ya san sunansa da harshe huɗu. Bai taɓa tambayarsa 'ya'yansa nawa ba.

Daga ranar Gidado ya daina bin ƙofa. Ta baya yake zagayowa, ta wajen bakanikai, yana tsallake baƙin mai. Muryar ma ta shige ciki. Direbobi suka fara ƙorafi, wai in Gidado ya kira Kano ko shi kansa ba ya ji.

Abin da ya fi cin sa, ya san ya rasa aboki, kuma bai san da wace fuska zai nemo shi ba.

Ana nan, wata safiya yana raɓe bayan wata bas, sai ya ji an kifa masa hula a ka. Tasa ce da ya bayar wanki tun kafin abin ya faru. Ta sha sitaci, sai ƙyalli take.

"Bawan da ke ɓuya wa ubangidansa, sayar da shi ake yi," in ji Fannami.

Gidado ya kasa ɗaga ido. "Don girman Allah ka yafe mini."

"Me ka yi? Ai wasa ne. Ba a fushi."

Wannan ta fi mari zafi.

"Yaya sunan yaron?" in ji Gidado.

"Mala," in ji Fannami. "In mota ta tsaya nakan kira. Amma ka san tasha. Muryata ba ta zuwa ko'ina."



Da motar gabas ta gaba ta shigo, tun kafin direba ya kashe inji, sai tasha ta ji muryar da ta kwana biyu ba ta ji ba, har masu awara suka waiwayo:

"Mala ɗan Fannami! Akwai Mala ɗan Fannami a motar nan?"

Babu.

Ta bayanta ma babu.

Har yau Gidado bai bar motar gabas ko ɗaya ta wuce ba tare da ya kira ba. Kambas ɗin kuma na nan ƙarƙashin benci.

Darasi: Kowane harshe da sunan da ya raɗa wa wanda aka kora daga gidansa, amma babu sunan da ke gaya maka wa ya bari a hanya. Tsokana da daɗi, mu ma muna taɓawa. Sai dai kafin ka ja mutum da wasa, tambaye shi mutanen gida. Wanda al'ada ta hana shi fushi, ba ta hana shi jin ciwo ba.

Tura wa shugaban 'yan tsokanar majalisarku. In kuma ka duba ba ka gan shi ba, to kai ne, sai ka karanta sau biyu kafin ka tura.