Kirem Mai Lamba Hamsin

Shekarun baya, lokacin ina suyar waina a bakin titi nan Zongon Kwatano, Allah ya ba ni 'ya mace zabiya. Fara sol, gashinta kamar gemun masara, idanunta ba sa son haske. Ita kaɗai gare ni. Mahaifinta direban babbar mota ne, rabin shekara a hanya yake yin ta, don haka ni da mahaifiyata muka raine ta.

Kafin in ci gaba sai na tona wa kaina asiri. Ina budurwa na yi bilicin. Mu a Zongo kirem muke ce masa, kuma idan mace ta ce kirem babu wadda za ta tambayi wane iri. Wanda na shafa an rubuta 7 a jikin robarsa, wai kwana bakwai mutum ya yi fari. Na yi farin kuwa, na wata biyu. Daga nan kumatuna suka ƙone, gaɓoɓin yatsuna suka koma kamar na mai sayar da gawayi. Na tafi neman kyau na dawo da fuska kala biyu, kuma har yau da ita nake yawo.

Yarinyar tana shekara huɗu na kai ta wani ƙaramin asibiti a Gbégamey, saboda wuyanta ya yi jajir yana saɓulewa. Likitar mace ce mai kirki, ta daɗe tana min bayani da Faransanci. Ni kuwa Faransancina na ciniki ne, iyakarsa gaisuwa da farashi. Wata mata a layi ta taimaka da fassara, sai dai likita ta yi magana goma ita ta ba ni biyu.

"Ta ce rana ce ke cin ta. Ki sa mata hula, ki riƙa shafa mata kirem ɗin nan kullum kafin ta fita."

Aka miƙo min roba fara. A jikinta an rubuta 50, manya-manya.

Gabana ya faɗi, amma na karɓa na yi godiya. Sati guda ina shafa mata a ɓoye. Ita kam tana so, man sanyi take ce masa. Tana gama wanka za ta zo ta tsaya a gabana ta rufe ido ta miƙo fuska.

Ranar da mahaifiyata ta kama mu, sai da ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Mene ne wannan?"

"Kirem ne, Inna. Likita ta bayar."

"Kirem? Yarinyar da farinta ya riga ya zame mata jarrabawa, wane farin kuma za a ƙara mata?" Ta karɓi robar ta juya ta. Inna ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata. "Naki bakwai ne, je ki dubi madubi. Wannan hamsin. So kike naman jikinta ya zube?"

Kafin la'asar zancen ya zaga gidanmu na haya. Wannan ta ce yana shiga jini, waccan ta ce wata a unguwar Agla kirem ne ya kashe mata ƙoda. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don babu abin da suka faɗa wanda ba na faɗa wa kaina tun a asibiti. Na zauna na auna abin da iyakar hankalina. Rana dai a cikinta aka haife mu, a cikinta muka girma, ban taɓa jin wanda ta kashe ba. Kirem kuwa ga aikinsa a fuskata. Sai na jefa robar a ƙasan akwati, ina jin kaina uwa mai wayo wadda ba a yaudara.

Washegari yarinyar ta zo ta rufe ido ta miƙo fuska. Na lakato man kaɗanya na shafa mata.

"Umma, ba wannan ba. Man sanyi."

"Ya ƙare," na ce.

Haka ta girma a gefen tandata, tun hantsi har azahar, tana ƙyalli da man kaɗanya a tsakiyar rana. Ina da lema, amma wace yarinya ce za ta zauna a ƙarƙashin lema 'yan'uwanta na wasa? Hular ma da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta daina sawa, saboda tsokanar yara. Fatarta ta yi ja, ta yi ƙuna, ta saɓule, ta warke, ta sake. Baƙaƙen ɗigo suka fito mata a wuya da hannu, muka ce ƙurajen zafi ne. Asibitin nan kuwa ban sake komawa ba, kunya nake ji kada likita ta tambaye ni robarta.

Tana shekara goma sha bakwai wani ƙurji ya fito mata a saman kunnen dama. Ya yi ɓawo ya fashe, ya yi ɓawo ya fashe, wata shida. Da muka je babban asibiti muka dace da likita ɗan arewa mai jin Hausa. Bayan gwaji ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne na fata, kuma rana ce ta jawo shi. Ya tambaye ni ko an taɓa ba mu man kariya. Na ce an taɓa ba mu wani kirem, amma mai ƙarfi ne ƙwarai, na hana. Ya ce in kawo ya gani.

Ranar da na kawo, muna zaune a benci muna jiran layi, 'yata ta zare robar daga jakata. Ta kai ta dab da idonta, yadda take karatu, ta bi rubutun a hankali.

"Umma, wannan ba na bilicin ba ne. Hamsin ɗin ƙarfin tare rana ne. Kin ga nan ƙasa? An rubuta na yara ne."



Ta buɗe ta sansana, duk da ya daɗe da lalacewa. Sai ta yi 'yar dariya. "Man sanyi. Ashe bai ƙare ba."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Likitan ya yi ƙoƙarin rarrashina, ya ce ba zai rantse cewa man shi kaɗai zai hana ba, sai an haɗa da hula da doguwar riga da inuwa. Amma bai ɓoye min ba, ya ce abin da ake tsoro a jikin man bai kama ƙafar abin da rana ke yi wa fata irin tata ba.

Aka yanke kunnen. Ta riƙa tsokanata wai yanzu ɗan kunne ɗaya ya ishe ta. Bayan shekara ciwon ya dawo ta wuya. Ba ta cika ashirin ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Inna da ta bi ta ba da daɗewa ba.

Mutane suna ce min ƙaddara ce, kuma na yarda, kwananta ne ya ƙare. Amma yardar ba ta hana ni ganin fuskar nan da aka miƙo min ido a rufe. Ban ƙi 'yata ba. Tsoro ne ya sa na tsare ta daga abin da zai taimake ta, na miƙa ta ga abin da na raina. Tambaya ɗaya ce ban koma na yi ba, kuma daga Zongo zuwa Gbégamey ko a ƙafa ana zuwa.

Yanzu ba na rabuwa da man nan a jaka, a farmasi nake saya. Kwanakin baya na ga wata yarinyar mata goye da jariri zabiya, kansa a buɗe, rana tsaka. Na tare ta, na gaishe ta, na ciro robar na fara bayani. Ta saurare ni da ladabi. Ta dubi lambar, sannan ta ɗago ta dubi kumatuna.

"Hajiya, shi kika shafa?"

Kafin in haɗa amsa ta gyara goyonta ta tsallaka titi. Na tsaya da robar a hannu ina kallon ƙeyar yaron, ta riga ta yi ja.