Yatsun Iyatu Makitsiya

Duk macen da ta zauna a Kontagora a ƙarshen shekarun tamanin ta san Iyatu makitsiya. Kitsonta dai ba wani abin a zo a gani ba ne, ni da kaina na sha gaya mata shukunta a karkace yake. Abin da ke kai mu zaurenta daban ne. In ta gama kitso, sai ta riƙa bubbuga miki goshi da kan yatsunta a hankali, ta gangaro gefen ido, ta sauko saman ƙirji, tana cewa, "Ja numfashi, faɗi abin da ke cin ki." Ba ta taɓa kiran sa magani ba, mai ciwo asibiti take tura ta. Amma wallahi mace kan shigo zuciya a wuya, ta fita tana hamma.

Mahaifiyarta na Kumbashi wajen Jinaidu, ƙanin Iyatu. Tsufa ya fara taɓa mata hankali, kullum a firgice take, ba ta zama wuri ɗaya. Jinaidu ya yi ta aiko da saƙo ta bakin direbobi: Inna na kiran sunanki, ki zo ki yi mata abin nan naki. Iyatu ta ce bayan salla. Salla ta wuce, bukukuwa suka taso, ta ce bayan kaka. Abin na damun ta, don ko sunan Kumbashi aka ambata sai hannunta ya tsaya cak a kan mutum. Tsoro take ji, ba ta son ganin uwarta a haka, ita ce gaskiyar.

Sai da damina ta zagayo ta shiga mota. Ta tarar da tsohuwar a tsakar gida, ta rame, tana ta murza bakin zane. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kai yatsu goshinta.

Tsohuwar ta kama hannun ta sauke shi, cikin ladabi irin na baƙo. "Baiwar Allah, bar shi, na gode. 'Yata ce za ta yi mini, tana hanya."

"Inna, ai ni ce Iyatu."

"A'a," in ji ta. "Iyatu aiki ya yi mata yawa. Amma za ta zo."

Iyatu ta zauna da ita har rasuwarta, tana mata wanka, tana ba ta kunu a baki. Goshin kuwa tsohuwar ba ta taɓa yarda ta taɓa shi ba.