Uban da ya miƙa mini jaririnsa a layin rigakafi

Wata rana, wata Talata da safe, na kai 'yata allurar ƙyanda a ƙaramin asibitin unguwarmu a Kaduna.

Mata sun cika benci har waje. Can ƙarshen layi sai ga namiji guda ɗaya tal, sanye da shuɗiyar rigar ma'aikatan kamfani, ya rungume jariri a tawul kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai.

Kun san hali. Mata suka fara zunguri juna, ana ƙus-ƙus ana dariya. Ni kuma da bakina ba ya shiru, na matsa kusa na ce, "Malam, ɗanka ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gidanmu ne, Hajiya."

Nan kowa ya gane ɗan fari ne. Kunya ba za ta bar shi ya ce ɗansa ba, ko sunan yaron ba zai iya kamawa ba. Sai a katin asibiti na leƙa na ga an rubuta Mudassir, kwanansa goma sha shida a duniya.

Na tambaye shi ina mai jegon.

Da ƙyar, kamar ana janyo maganar da igiya, ya ba ni labari. Sunansa Sha'aibu, daga wani ƙauye a wajen Malumfashi. Injin yanka soso yake tuƙawa a wani kamfanin katifa. Aiki aka yi wa matarsa aka ciro yaron, ɗinkin kuma ya ƙi warkewa, ba ta iya miƙewa tsaye sosai. Uwarta ta zo suna, ta kwana huɗu, aka kira ta cewa maigidanta ba lafiya, ta koma.

Ba su da kowa a garin nan. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanke tsummokara, shi ke ɗaga ta ya kwantar kafin ya fita aiki.

Allurar farko ta jarirai kuwa ranar Talata kawai ake buɗe kwalbarta a asibitin. Talata biyu ta wuce shi yana bakin inji. Wannan karon nas ta aika masa cewa kada ya kuskura ya sake ɗagawa.

Lambarsa arba'in da ɗaya. Ana kan ta goma sha uku. Ƙarfe tara da rabi ta gota.

Na ce, "To a wurin aiki ba su ba ka hutu ba?"

Ya ce sun ba shi ranar suna, kwana ɗaya.

Na ce, "Ka faɗa musu halin da matarka ke ciki?"

Ashe duk tsawon kwanakin nan abin da yake ce wa manajansu kawai shi ne, akwai ɗan uzuri a gida. Ya za a yi ya tsaya gaban babban mutum yana zancen haihuwar fari da ɗinkin iyali?

Raina ya ɓaci, na hau shi da faɗa kamar ƙanena. Na ce wannan kunyar ba ta da amfani yau, mutum ba zai tausaya maka a kan abin da bai sani ba. Ka buɗe baki ka yi bayani, ai shi ma uwa ce ta haife shi.

Ban rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Manajan ne. Wayar irin mai amon nan ce, duk wanda ke bencin yana ji.

Na harare shi, na yi masa alama da ido. Ya kara wayar a kunne ya fara magana.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Iyalina aka yi wa aiki, ba ta iya tashi. Ɗana ne na kawo allura, ba mai kawo shi sai ni."

"Sha'aibu, kai ne ka haihu? Ƙarfe goma ake rufe ƙofa. Mutum uku na tsaye a waje suna neman aikin nan."

Aka kashe waya.

Wadda ta fi kowa dariya ɗazu ta kau da kai tana gyara goyo.

Ni kuwa na ji kunya ta lulluɓe ni. Na sa bawan Allah ya karya abin da aka raine shi a kai, ya furta kalmar da ta fi masa nauyi a gaban mata, kuma ba ta saya masa ko minti goma ba.

Muka roƙi a shigar da shi gaba. Nas ta ce sai an gama da waɗanda ke ciki, kwalbar jarirai ba a buɗe ta sai sun taru.

Ya dubi agogon bango. Ya dubi yaron. Sai kawai ya miƙo mini shi.

"Hajiya, don girman Allah. In an yi masa, ki kai shi gida. Bayan injin niƙa, gida mai jan ƙyaure, ɗaki na uku."

Ko sunana bai tambaya ba. Ni ce na fizge wayarsa na sa masa lambata, ya fita da gudu yana tare ɗan acaɓa.

Ku tsaya ku yi tunani. Uba ya bar jinjirin kwana goma sha shida a hannun matar da bai taɓa gani ba. Ba sakaci ba ne, wallahi. Hanya ce ta ƙare masa.

Aka yi wa yaran allura wajen sha ɗaya. Na goya tawa, na rungume Mudassir, na hau keke Napep.

A hanya na tuna Bara'atu, ƙawata da ke aure a wata ƙasar Turai. Da ta haihu ta ce mini mijinta ma an ba shi hutun watanni, aikinsa na jiran sa. Na yi ta yi mata tsiya, ina cewa sai a dama masa kunun kanwa tunda shi ma jego yake. Yau na ji haushin wannan dariyar tawa.

Muna dab da layin gidansu wayata ta yi ƙara. Sha'aibu ne, muryarsa a dashe. Goma da minti bakwai ya isa. Mai gadi ya ce an riga an sa wani a kan injin.

Ya roƙe ni kada in faɗa wa matarsa, jininta na hawa tun da ta haihu. Ya ce zai zauna a bakin ƙofar ko manajan zai fito.

Na sami gida mai jan ƙyaure, na yi sallama.

Yarinya ce ƙarama, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba. Tana durƙushe a gaban murhu, hannu ɗaya dafe da mara, ɗayan yana jan tukunyar ruwan wanka da ganyen darbejiya. Ita kaɗai.

Ta ga baƙuwa riƙe da ɗanta. Na zaci kuka za ta yi, ko ta tambayi wace ce ni, ko yaron ya sha wuya.

Ta ɗago ido ta ce, "Anti, ya samu ya shiga kafin a rufe ƙofa?"

Na ajiye mata yaron, na karɓi tukunyar daga hannunta.

Darasi: Haihuwa ba aikin mace kaɗai ba ne, kuma ba kowace mai jego ce ke da uwa ko 'yar'uwa a kusa ba. Hutun haihuwa, na uwa da na uba, ba gata ba ne, rai ake tsarewa da shi. In kana da masu aiki a ƙarƙashinka, ko mutum biyu ne, kada ka jira sai doka ta tilasta maka. Wanda ya ce maka akwai ɗan uzuri a gida, ka ja shi gefe ka tambaye shi da kyau.

Ku tura wannan ga duk wani mai kamfani, mai shago ko mai makaranta da kuka sani. Wataƙila yau ma akwai wanda ke tsaye a gabansa ya kasa magana.