Farfesa Ƙasimu Issoufou da Maƙalar da Ya Riƙe Wata Goma Sha Huɗu

Haihuwa da karatu

An haifi Ƙasimu a Tawa a shekarar 1957, ɗa ga Malam Issoufou tela da Malama Habsatu. Ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a 1964, ya wuce Yamai, daga bisani Faransa, inda ya kammala digirin dokta a 1988 a fannin tsarin duwatsu, wato sanin yadda dutse ke lanƙwashewa da tsagewa a ƙarƙashin ƙasa.

Aiki da iyali

A 1989 ya fara koyarwa a jami'a, ya auri Ramlatu, suka zauna a Bobiel cikin Yamai tun unguwar tana gonaki. A 2001 aka naɗa shi editan wata mujallar kimiyyar ƙasa, ya kuma kafa ƙa'idar da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa: babu sakamakon binciken da zai fita, ko a baki, sai masana biyu sun tantance shi. Ɗalibai na jin tsoronsa, shi kuwa bai taɓa neman su so shi ba.

Maƙalar 2012

A watan Maris na 2012 ɗalibarsa Iklima Bala ta miƙa maƙala kan wani tudu a yammacin ƙasar, inda talakawa ke haƙar zinariya. Awonta ya nuna tsaga mai zurfi a ƙarƙashin ramukan haƙar, alamar tudun na iya ruftawa. Sau uku ya mayar mata da ita saboda kuskuren ma'auni a wurare biyu. Ta roƙe shi a sanar da mai garin ƙauyen da ke wurin tukuna.

"Malam, mutane na cikin ramin nan yanzu haka."

"Iklima, ba na tayar da hankalin gari da lissafin da bai nuna ba. Je ki sake awo."

A watan Mayu na 2013 tudun ya rufta, mutum ashirin da uku suka rasu. Ƙa'idarsa mai kyau ce, amma a nan ta ci rayuka, kuma shi ya fi kowa sani. Ya buga maƙalar yadda ta zo da farko, da kuskurenta, ya ajiye editanci a ranar. Iklima ta bar fannin.

Ƙarshen rayuwa

Ya ci gaba da koyarwa har 2019, bai sake zuwa daji awo ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 8 ga Fabrairu 2023, bayan jinyar ciwon zuciya, aka yi jana'izarsa a Yamai bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Faisal, Zahra'u da Mariyam.

Ranar sadakar uku dattawa biyu suka zo ta'aziyya daga ƙauyen tudun, suka yi ta sa masa albarka, wai shi ne malamin da ya gano musu dalilin ruftawar. Ramlatu ta karɓi gaisuwarsu, ba ta gaya musu tun yaushe ya sani ba.