Littafin da Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

A shekarar da aka hana acaɓa a Kano na shiga makarantar manya. Ina tuna shekarar sarai, domin a lokacin ne bakin shagona ya cika da mutane. Wanki da guga nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma rumfata tana da inuwa mai daɗi bayan la'asar. Waɗanda aka sauke daga babur suka rasa wurin zuwa, sai suka mayar da bencina majalisa. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu taubashina ne, ɗan kawuna, tare muka taso a ƙauye. Akwai kuma wani dattijo mai gadin gidan da ke kallon shagona, kowa Baba yake ce masa.

Shekarata arba'in da biyar a lokacin. Na yi allo ina yaro, amma a boko ko sunana ban iya rubutawa ba. Kayan mutane da zare nake yi musu alama, ja na gidan Alhaji, shuɗi na gidan likita.

Wani marubuci ne ya kai ni aji, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Kullum da hantsi ana karanta littattafansa a rediyo, ina guga ina saurare. Labaransa na direbobi ne da 'yan tireda da masu wanki irina, kuma yana ba da dariya ba tare da ya wulaƙanta kowa ba. Sau biyu ina ƙona rigar mutane saboda shi. Burina kawai in riƙe littafinsa da hannuna, in ji maganarsa ba da bakin wani ba.

Ajinmu a wata firamare yake a Tarauni, Asabar da Lahadi da yamma. A kan kujerun yara muke zama, gwiwoyinmu suna dungurin tebur. Malamarmu 'yar Kudancin Kaduna ce, ta yi ritaya daga koyarwa, ran Lahadi daga coci take wucewa gida ta ci abinci ta zo mana. Ba ta da gaggawa, ni ma ba ni da ita, shi ya sa muka shirya.

Da na shekara biyu sai na fara karanta wa majalisa tsofaffin littattafan marubucin. Taubashina bai bar ni na ji daɗin abin ba.

"Farfesa, wannan ai hadda ce," in ji shi. "Sau goma ka ji shi a rediyo. Ko ni aka ba ni littafin a kife haka zan zuba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin akwai gaskiya a cikinta. Wani lokaci bakina yakan riga idona isa ƙarshen layi. Ni kaina ban tabbata ba ko karatu nake yi ko tuni.

Ana haka marubucin ya rasu. A rediyo na ji, na ajiye dutsen guga har gawayin ya mutu. Bayan wasu watanni aka ce iyalinsa sun fitar da littafinsa na ƙarshe, wanda ba a taɓa karantawa a ko'ina ba. Washegari na je wajen mai sayar da littattafai a kasuwar Tarauni na sayo, na ajiye shi a kan benci a gaban taubashina.

"To ga wanda rediyo bai sani ba."

"Malamarku za ta karanta maka a aji, ka zo ka juye mana."

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce kullum in mun tashi shi zai karɓi littafin ya kulle a ɗakinsa na gadi, ba zan sake taɓa shi ba sai gobe a gaban kowa.

Haka muka yi. Shafi uku ko huɗu a rana, ina bi da yatsa. Labarin wani direban tirela ne da yake neman wansa, wanda ya bar gida shekara ashirin ba labari. Ina cijewa, ina komawa baya, ina sake ɗauko layi, amma labarin yana fitowa. Majalisa ta ƙaru. Waɗanda suka samu A Daidaita Sahu sukan ajiye ta a gefen titi su ce sai an gama shafi. Ranar da direban ya kwana a ofishin 'yan sanda saboda akuyar da ba tasa ba, Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin bahon wanki.

A mako na shida direban ya isa wani gari mai nisa, aka nuna masa wani gida. Ya yi sallama. Daga ciki wani ya yi tari, irin tarin mahaifinsu sak. Aka zare sakata. Na juya shafi, sai farar takarda. Na sake juyawa, sai bango.

"Ci gaba mana!" in ji mutane.

"Ya ƙare," na ce.

"Ya ƙare kamar yaya? Wa ya buɗe ƙofar?"

Taubashina ya karɓi littafin ya jujjuya. "Jama'a ku ga mai karatu. An sayar masa da rabin littafi bai sani ba. Mako shida ka tara mu, Farfesa, ka kawo mu ƙofar gida ka ajiye."

Na ce su ba ni zuwa Lahadi. Na san littattafanmu kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, wani har na huɗu, don haka ban damu sosai ba. Na koma kasuwa na ce a ba ni na biyu. Mai shagon ya ce bai zo ba. Na ce to nawa shafuka sun zube, ya canza mini. Muka buɗe guda biyar, duk a sakatar nan suka tsaya.

"Kai ba ka karanta ba ne?" na tambaye shi.

"Malam, ni sayarwa nake yi. In na tsaya karatu wa zai kula da shago?"

Na je Unguwa Uku, na je Hotoro, babu wanda ya taɓa ganin na biyu. A kwanakin nan har na shirya ƙarshe da kaina ina guga, na ce in saka wata takarda a ciki in yi kamar karantawa nake. Ƙarshen ya yi kyau kuwa. Amma da na yi haka da maganar taubashina ta tabbata, ko da ni kaɗai na sani.

Ran Asabar na roƙi Baba littafin na kai wa Malama. Na ba ta labari tun daga farko, tana dariya har ta cire tabarau. Sannan ta buɗe gaba, kafin babi na ɗaya, inda akwai shafi biyu da ƙananan baƙaƙe.

"Malam mai guga, ka karanta nan?"

"A'a, Malama. Ai a rediyo daga babi na ɗaya ake farawa. Na ɗauka wannan na masu buga littafi ne."

Ta karanta a zuci, sai na ga dariyar ta bar fuskarta. Ta rufe ta miƙo mini.

"Ba zan gaya maka ba, kada a ce hadda. Je ka karanta musu."

Na mayar wa Baba littafin ban buɗe ba. Ran Lahadi bayan aji na zauna a benci, mutane sun fi na kullum. 'Yar marubucin ce ta rubuta shafukan. Ta ce a littattafan rubutu na 'yan makaranta mahaifinsu yake aiki, a gadon jinya ma bai daina ba. A bangon na farko ya jera sunayen babi goma sha biyu, amma a cikin babi na goma suka tarar da bironsa. Wasu sun nemi su ƙarasa masa, iyalin suka ƙi, suka ce a bar shi inda ya tsaya. Ta roƙi masu karatu su yafe, su yi masa addu'a.

Ƙananan baƙaƙen sun wahalar da ni, amma ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na gama Baba ya ɗaga hannu, muka yi wa mamacin addu'a, muka shafa.

Can taubashina ya ce, "Wannan dai ba a rediyo ka ji ba."

Daga nan wuri ya kaure. Wani ya ce bai kamata a fitar da littafin ba, an bar mutane a rataye. Baba ya ce shi da a ɓoye masa labarin akuyar nan gara a ba shi rabin. Taubashina ya rantse wan ne ya buɗe ƙofar. Wani ya ce ɗan wan ne, tari ai gado ne. Ni ma na kawo ƙarshen da na shirya ina guga, na faɗa musu nawa ne, suka ce ya yi daɗi da yawa, tsohon ba zai yi haka ba. Har aka kira magariba ba mu daidaita ba, kuma har yau in hira ta mutu a rumfar nan, wani yakan ce, "Wai wa ya buɗe ƙofar nan?" sai a fara sabo.

Bayan kwana biyu taubashina ya zo da sassafe, kafin kowa, ya miƙo mini wayarsa yana kallon titi. Saƙo ne daga surukinsa. Shi bai iya karatu ba, sai na karanta masa.

Littafin yana nan a shagona, a saman kanta inda tururi ba ya kaiwa. Babi tara cikakku ya bar mana, da shafi uku na babi na goma. Abin da muka rasa shi ne ragowar na goma, da babi biyu sukutum, da mutum ɗaya da ya san wanda yake bayan ƙofar.