Mutum Biyu a Ɗakin Wanka

Shekara ashirin da shida bas ɗin ƙarfe shida na safe yana sauke Aleyamma a bakin gonar roba, lema a hammata, ta hau tudun nan zuwa gidan tsofaffi da ke bayan garin Tiruvalla. Baƙo zai ɗauka ɗakunan marasa lafiya za ta fara leƙawa. Ina! Kicin take nufa, wajen ma'aikatanta. Sai ta ga kowace ta sha baƙin shayi, ta ci rogo da miyar kifi, sannan ta raba aiki. Tana rabawa tana duba fuskoki. Wadda ta zo da ido a kumbure, ranar ba za a ba ta ɗakin mai zagi ba, kuma ba za a tambaye ta dalili a gaban mutane ba.

Mu da muke zaune a gidan, 'ya'yanmu suna Dubai da Landan suna gaishe mu ta waya, mun ga shugabanni kala-kala. Ni na yi tuƙin babbar mota a Maskat, na san yadda ake matse ma'aikaci har ya bushe a ɗauko wani. Aikin nan kuwa ya fi tuƙi cin rai: kwashe ƙazanta, juya wanda bayansa ya yi miki, shan zagi daga wanda ya manta sunan kansa. Mace tana ƙwarewa biza za ta fito, ta tafi Kuwait ko Italiya. Aleyamma ba ta taɓa zagin mai tafiya ba. Sharaɗinta ɗaya, ki yi wata guda kina koya wa wadda za ta gaje ki, har da wace tsohuwa ce ba ta son a taɓa mata kunne. Da ɗaya daga cikinsu, Bindu, za ta tafi ta ce, “Ceci, in na isa Italiya zan aiko miki da miji.” Haka suke kiranta, Ceci, wato Yaya. Aleyamma ta ce, “Ki aiko mai haƙora. Na nan duk a kofi suke ajiye nasu.”

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne wata Juma'a da damina, shekara tara ke nan. Juma'a ranar wankan mai ce ga matan gidan, a shafe jiki da man riɗi tun daga ka har tafin ƙafa, sannan a wanke da ruwan ɗumi. A makon ma'aikata biyu suka tafi, aka bar wata ma'aikaciya, Ramlath, ita kaɗai da tsofaffi goma sha ɗaya. Kalyani Amma, tsohuwar malamar makaranta mai shekara tamanin da huɗu, ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa tsallake Juma'a ba, ba kuwa yau za ta fara ba. Ramlath ta shafe ta tsaf, ta juya ɗauko bokiti. Tsohuwa ta miƙe da mai a tafin ƙafa. Ƙugunta ya karye, bayan mako shida ta rasu a asibiti.

Ɗanta Sudhakaran ya sauka daga Dubai, idonsa jajur, ya ce ba zai koma ba sai an kori wadda ta kashe masa uwa. Ramlath ma ba ta jira kora ba. Ta koma gida, ta daina cin abinci, ta ce ita da taɓa jikin mutum har abada.

Ranar da kwamitin gidan ya zauna, Aleyamma ta shigo da allon rabon aiki a hannu. Ta ce, “Rubutun wa ke nan? Nawa ne. Na san mutum biyu sun tafi, na san Juma'a ce, na rubuta sunanta ita kaɗai. In kora za ku yi, ga ni.” Sannan ta gaya wa Sudhakaran, ba da faɗa ba, cewa a asibiti mahaifiyarsa ba ta yarda kowa ya taje mata kai sai Ramlath. Mutumin ya sunkuyar da kai. Kwamiti ya sauke Aleyamma daga shugabanci na wata shida. Washegari bas ɗin ƙarfe shida ya sauke ta kamar kullum. Abu ɗaya ta roƙa aka ba ta: daga yau ba mai shiga ɗakin wanka ita kaɗai. In babu ta biyu, wanka ya jira.

Ramlath dai ta ƙi dawowa. Ran Lahadi bayan coci Aleyamma ta je gidanta. Ba ta yi lallashi ba. Ta sha shayi, ta ce, “'Yata, Juma'a ina da wanka goma, kuma doka ta hana ni shiga ni kaɗai. In ba ki zo ba, ba mai yi.” Juma'a ta yi, ba Ramlath. Aleyamma kuwa ba ta wanke ko mutum ɗaya ba, ta bi ɗaki ɗaki tana goge su da tsumma tana shan tsinuwa. Har ɓangaren maza muna jiyowa. Labari ya kai inda take so ya kai. Juma'a ta biyu Ramlath ta hau tudu, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ranar tawul kawai ta riƙe. Sai a wata na uku ta yarda ta zuba mai a tafin hannu.

Ke ce, Aleyamma, kika gane cewa wadda take ɗaga tsoho ita ma tana bukatar mai ɗaga ta. Ke ce kika sa kanki a gaba don kada a karya wadda ta riga ta karye. Uwar ma'aikata, mai allo, ba a taɓa buga sunanki a jarida ba.

Bara rabin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. 'Yarta, wadda ke jinyar tsofaffin wasu a Ireland, ta zo ta yi mako biyu tana kuka, ta koma. Yanzu Aleyamma tana ɗaki na huɗu a gidan da ta riƙe, tagarta tana kallon tudun da ta saba hawa. Ramlath ce ke riƙe da allo.

Juma'ar da ta wuce Ramlath ta shiga ɗakin Aleyamma da kwalbar mai, abokiyar aikinta ta tsaya wajen wata mai amai. Ta ce, “Ceci, bari mu fara, ai ni da ke ne.” Aleyamma ta ɗaga hannunta mai lafiya a hankali, ta miƙe yatsa biyu. Ramlath ta ajiye kwalbar, ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi. Sai da ta biyu ta iso sannan aka fara.

Mun gode, Aleyamma, a madadin waɗanda suka rasu a hannunku da mu da muke kan layi. Ku masu riƙe da gidaje irin wannan, da masu tura mace ɗaya jinya gidan mutane, ku ciyar da ma'aikatanku kafin ku raba musu aiki, ku tsaya a gabansu ranar da abu ya lalace. In kuma kun manta yadda ake yi, ku zo ɗaki na huɗu ranar Juma'a. Ba ta magana, amma har yanzu tana koyarwa.