Bankin da ke ƙugun wando

Wandon maƙwabcina tela ya faɗi a ƙasar waje, tsakiyar shagon sayar da kekunan ɗinki, gaban mata uku da mai gadi. Ban je ba, amma ɗansa ya ba ni labarin sau huɗu a waya, kuma kowane karo sai dariya ta shaƙe shi.

Almakashi muke ce masa a layinmu, don ba kuɗin da zai fita daga hannunsa bai datse gefensa ba. Shekara talatin yana taka keke ɗaya a shagon da ke manne da ɗakina, keken da ƙararsa ta sa ban taɓa sayen agogon tashi ba. Gwiwarsa ta dama ta gaji da takawa. Burinsa a duniya keke mai lantarki, kuma ya tara kuɗinsa cif, ko na ruwan sha bai ɗora a kai ba.

Da ɗansa direban babbar mota a ƙasar waje ya aiko masa tikitin jirgi, ya ce, "Baba, zuba kuɗin a kati, in ka iso sai mu cira."

Almakashi ya je banki ya zauna gaban wata ma'aikaciya kusan awa guda. Ta ce banki zai yanki nasa, injin cire kuɗi na can zai yanki nasa, wajen canji ma akwai ɗan abin da za a taɓa. Ya ce, "'Yata, su ukun nan wanne ya taya ni ɗinki?" Ya lissafa, ya ga in an gama yanke-yanken keken ba zai sayu ba.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya canzo kuɗin a hannu, ya zare mazagin wandonsa na fita kunya, ya nannaɗe takardun siriri-siriri ya cusa a gurbin, ya bi da ɗinki biyu. Ƙugun ya yi tauri, ya kama shi daram. Matarsa ta ce, "Malam, mazagin fa?" Ya ce kuɗi sun fi igiya riƙo.

Haka ya hau jirgi, haka ya kwana uku a gidan ɗansa, wando bai bar jikinsa ba. Surukarsa ta yi ta roƙo ya kawo ta wanke, ya ce ƙasar nan ba ta da datti.

Ranar sayen keke ya juya baya ga bango, ya fito da reza, ya farke ɗinkin, yana zaro kuɗi ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire ƙaya. Ya biya, ba wanda ya yankar masa ko sisi. Ɗansa ya miƙa hannu zai ɗauki keken, ya ce ina, ba mai taɓa masa amarya. Ya rungume shi da hannu biyu, ya yi taku uku, ƙugun da ba kuɗi ba mazagi ya ce ga garinku nan.

Ɗan ya ce, "Baba, ajiye keken!"

"In ajiye a fasa min? Kai ɗago wandon!"

A haka suka fita, uba rungume da keke, ɗa a baya riƙe da ƙugun uban har bakin mota.

Yanzu keken na nan yana ɗinki shiru, har makara nake yi. Jiya na leƙa shagon na ce, "Almakashi, ashe har ƙasar waje an san launin gajeren wandonka?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Nawa ya faɗi, an ɗaga min kyauta. Kai da banki ke tuɓe ka duk wata, wa ya taɓa ɗaga maka?"